Rigar Sanyin Inna

Makon jiya na ratsa ta tsohon layinmu na Tudun Fulani a cikin adaidaita, za ni dubiya, sai na ce wa mai tuƙin ya ɗan rage gudu. Ya rage, ya waiwayo yana jiran in ce ya tsaya. Ban ce ba, don babu inda zan sauka. Inda gidanmu yake a da yanzu bene ne, ƙasa shaguna, sama ɗakunan ɗalibai, an shanya wanduna a jikin ƙarfen baranda. Bishiyar mangwaron tsakar gida ko kututturenta babu. Rijiyar ma an cike ta, in dai ban yi kuskuren wurin ba shagon cajin waya ne a kanta. Na dawo gida na kasa cin tuwo, jikata tana ta tambaya ko kaina ke ciwo. Lafiyata ƙalau. Wata damina ce ta dawo mini gaba ɗayanta, da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, da sanyin siminti a tafin ƙafa, da warin ulun da aka turara a bakin tukunya.

Gidan haya ne mai ɗaki shida a jere, tsakar gida ɗaya, rijiya ɗaya, amma kowa da murhunsa. Ba agogo ke tashinmu ba. Kiran sallah ne farko, sannan ƙarar guga tana bugun bangon rijiya, sannan tsintsiyar duk wadda ranar shararta ce. In iska ta juyo daga cikin gari mukan ji kukan jirgin ƙasa, can nesa, kamar saniyar da ta ɓata a daji. Da hantsi matan ƙauye su shigo daga wajen Beji, itace da doya a kafaɗa, su sauke a gindin mangwaro su sha ruwa, su yi ciniki rabi da Hausa rabi da nuni. Da rana kuma gidan ya yi tsit, sai luguden sakwara daga wani gida a bayanmu. Yanzu ina zaune a gida mai katanga da ƙofar ƙarfe, shekara ta zagayo ban san abin da maƙwabciyata ta dafa ba. A wancan gidan ko albasa ka yanka sai an sani.

Mu uku ne a ɗakunan ƙarshe, ni da Inna da yayana. Baba ya rasu tun ina firamare. Yayana yana tuƙa motar haya a hanyar Gidan Kwano, ya fita da sanyin safiya sai magariba. Inna kuwa ɗinkin hula take yi, kuma duk unguwar an san hannunta. Takan zauna a bakin ƙofa, yadin a cinya, leɓenta na motsi kamar mai lazimi, alhali ƙirge take. Ta yi ta fama in koya, na ƙi. Duk sanda na ɗauki allura sai ta ce, "Ƙirga kafin ki soka." Ni kuwa hankalina na makaranta. Na gama sakandare, takardar shiga kwalejin horon malamai ta fito, na sa ta a ƙasan akwati cikin sabon zanen da Inna ta saya mini don tafiya. Kullum sai na buɗe na duba ko tana nan.

Ɗakin da ke manne da namu na Maman Rifkatu ne. Daga wani ƙauye take a wajen Kafanchan, mijinta ma'aikacin jirgin ƙasa ne, 'ya'yansu duk sun girma sun watse. Doguwa ce mai jiki, dariyarta tana riga ta shiga wuri. Hausarta gangariya ce, sai dai ba ta raba mace da namiji, kowa "ya zo" ne a wurinta, kuma saƙa "saka" take ce mata. Inna ta girme ta, don haka Yaya take kiranta, ni kuma "yarinya na". Ba ka ganinta sai da kwarashi a hannu, ɗan ƙarfen nan mai lanƙwasa a kai, tana saƙa safar jarirai ko mayafin tebur, tana rera waƙar cocinsu a ƙasan maƙoshi. Su biyun sukan wuni gefe da gefe, ɗaya da allura ɗaya da kwarashi, wani lokaci har la'asar ba su yi magana goma ba. A lokacin nakan yi mamakin mene ne daɗin irin wannan zama.

Saura kwana kaɗan in tafi, wata safiya Inna ta sunkuya za ta ɗauki bokiti a bakin rijiya, sai ta zauna a ƙasa a hankali kamar wadda ta tuna wani abu. Ba ta tashi ba. Mun yi mako biyu a asibiti, aka sallamo mu da ita ɓarin dama a shanye, baki a karkace, magana ta ɗauke ɗif. Babu wanda ya zaunar da ni ya ce mini tafiya ta fasa. Yayana in bai fita ba ba za mu ci ba, kuma mace ce ke iya jinyar mace. Na daina buɗe akwatin.

Aikin jinya ba shi da farko ba shi da ƙarshe. In ɗaga ta in yi mata wanka da ruwan ɗumi, in shafe ta da man kaɗanya, in murza hannun da ya mutu yatsa bayan yatsa. In dama kunu in ba ta da cokali, rabi ya shiga rabi ya gangaro ta gefen baki. In kwashe fo, in wanke zannuwa, kafin su bushe wasu sun ɓaci. Ƙawayena suna wucewa ta ƙofar gida da littattafai a ƙirji, su leƙo su ce sannu, su tafi da ƙamshin turarensu. A hankali na fara ɗaukar Inna kamar wani kaya da aka bar mini ajiya. In 'yan dubiya suka zo suka gaishe ta, ni ke amsawa, a gabanta nake cewa, "Ku bar wahalar da kanku, ba ta gane komai." Idonta na kaina nake faɗa.

Wata rana da damina ta kankama, kwana uku rana ba ta fito ba, zane ɗaya tak ya rage busasshe. Na ɗaura mata shi, na juya ke nan zan ɗauko cokali, hannunta na hagu ya ture kofin kunu, ya malale a jikinta har tabarma. Ban san sanda maganar ta fito ba. Na ce, "Inna, ke ba ki mutu ba, ni kuma ba ki bar ni na rayu ba." Bangon da ke tsakaninmu da Maman Rifkatu bai kai rufi ba. Tana waƙarta a lokacin, sai na ji waƙar ta yanke. Na goge kunun, na fita na tsaya a gindin mangwaro ruwa yana ɗiga a kaina, ina jiran ta fito ta yi mini faɗa. Ba ta fito ba.

Washegari bayan la'asar ta yi sallama da leda a hannu. Ta durƙusa gaban Inna ta gaishe ta gaisuwa cikakkiya, ina wuni, yaya jiki, yaya ruwa, tana tsayawa bayan kowace tambaya kamar za a amsa. Sannan ta taɓa ƙafar Inna ta dube ni.

"Yarinya na, ba ki ji kafan Yaya ba? Kamar randa. Yana jin sanyi, ba ya iya fada. Za mu yi mishi suwaita."

"Mama, ni ban iya saƙa ba."

"Ni ma ba da shi aka haife ni ba. Matso."

"Riga guda? Ai sai in shekara."

"Wa ya ce riga za ki yi? Hankici za ki yi. Karami haka, kamar tafin hannu na. In ya gama, ki yi wani. In sun yi yawa, su da kansu za su zama riga."

Ta zazzage ledar. Kwarashi ne guda ɗaya wanda hannu ya goge har yana sheƙi, da ƙulle-ƙullen ulu, ragowar aikinta na shekaru: ja, kore, ruwan ƙwai, ruwan toka, da wani shuɗi mai duhu kamar hadarin gabas. Ta koma bayana ta kama hannuwana biyu da nata. Ta nuna mini yadda ake naɗa zare a ɗan yatsa, yadda ake kamo shi da bakin kwarashi a ja ta cikin madauki, a sake ja, har ya zama sarƙa. Sarƙa huɗu, a haɗa bakinta ta zama zobe. A cikin zoben ake dasa abin da take kira sanda, wato dogon ɗinki mai tsayuwa. Sanda uku a wuri ɗaya, sarƙa biyu a yi kwana, sanda uku kuma, har kusurwa huɗu su fito. Sai a yanke, a ɗaura wani launi, a sake zagayawa, ana dasa uku-uku a cikin ramukan da na baya ya bari. Zagaye huɗu, hankici ya kammala. Na farkon da na yi ya murɗe kamar busasshen ganye, kusurwarsa ma biyar ce. Ta ɗaga shi sama ta yi dariya har da hawaye, ta ce wannan sai dai a ɗora butar shayi a kai.

Da ulun ya ƙare sai ta kai ni wurin masu gwanjo, muka zaɓo tsofaffin rigunan sanyi waɗanda gwiwar hannu ta huje. Mu nemo bakin zaren mu yi ta ja, riga ta narke a hannunmu layi bayan layi. Zaren yakan fito a nannaɗe kamar taliya, sai mu naɗe shi a ƙafafun kujera, mu wanke, mu riƙe shi a kan tururin tukunya har ya miƙe. Yaran yanzu suna shiga shago su nuna launin da suke so, su buɗe waya wata baturiya ta koya musu da hannu kawai, ba fuska. Ban ce ba su iya ba, wasunsu sun fi ni tsafta a aiki. Amma ni duk hankicin da na ɗaga na san daga wace riga ya fito, na san ranar da muka warware ta da labarin da Maman Rifkatu take bayarwa a lokacin.

Waɗannan yammacin su ne har yau suke zo mini kamar mafarki. Mukan jawo tabarmar Inna zuwa bakin ƙofa, mu jingina ta da filo biyu. Ruwa yana sauka a kan kwano, wani lokaci da ƙarfi har ba ka jin na kusa da kai, wani lokaci yaf-yaf kamar ana tankaɗe. Bokitai a jere a ƙarƙashin indararo, kowanne da irin muryarsa, mai cika yana ƙara zurfi. Kaji sun takure a gindin murhu. Hayaƙin ɗanyen itace ya kwanta a tsakar gida ya ƙi tashi. Maman Rifkatu tana ba da labarin garinsu, gonar citta da acca, da yadda aka kawo ta Minna amarya a jirgi tana kuka tun daga tasha har tasha. Ni kuma zare na bi ta tsakanin yatsuna, ja ya ƙare kore ya shiga, ban san sanda la'asar ke zama magariba ba. Takardar da ke akwati tana nan, ɓacin raina ma bai tafi ba, amma sai na ga ya fara barina in huta na ɗan lokaci.

Sai wani abu ya fara faruwa. Nakan ajiye hankicin da nake yi a kan tabarmar Inna in je in duba tukunya, in dawo in tarar an warware rabinsa, zaren a tare kusa da hannunta na hagu. Karon farko na ce yatsanta ne ya sarƙe. Karo na biyu na fara zargi. Na uku kuwa na leƙo ta taga na gan ta da idona. Ta danne hankicin da gwiwa, tana jan zaren da hagu, a nutse, ba kamar mai ruɗewa ba. Zuciyata ta ce ramuwa ce, maganar da na faɗa ce take biya. Na kwashi aikin na shiga ɗakin Maman Rifkatu ina huci.

"Mama, kin ga abin da take mini? Ni ina wahala dominta, ita tana rushewa. Na bari."

Ta karɓa, ta matsa bakin ƙofa inda haske yake, ta juya shi gaba da baya.

"Duka yana warware?"

"A'a. Wasu ba ta taɓa su."

"Zo ki duba inda ya tsaya. Sanda nawa a nan?"

Na duba. Biyu ne. Na tsallake ɗaya ban sani ba, na ci gaba da zagayawa a kan kuskure. Inna ta warware duk abin da na ɗora a kai, ta tsaya daidai wurin, madaukin a buɗe yana jiran sanda ta uku.

Maman Rifkatu ta ajiye hankicina. Ta ɗauki nata kwarashin ta saƙa zagaye biyu da sauri, da gangan ta yi sanda huɗu a wata kusurwa, ta ci gaba ta rufe. Muka koma ɗakinmu. Ta ɗora shi a cinyar Inna ta ce, "Yaya, duba mini wannan." Inna ta bi shi da babban yatsa, rami bayan rami, leɓenta mai rai yana motsi kamar yadda yake yi a kan hula. Ta zo kusurwar ta tsaya. Ta ɗago ta kalli Maman Rifkatu, kallon da na sani tun ina yarinya, wanda take yi wa mai awo in ya yi ƙwange. Sannan ta danne da gwiwa ta fara ja.

Na zuba wa Inna ido. Ashe tana nan. Duk watannin nan tana nan a ciki, tana ji, tana ƙirgawa. Ta ji ina gaya wa baƙi ba ta gane komai. Ta ji tsakina a kan fo. Ta ji maganar ranar kunu kalma bayan kalma, kuma ba ta da bakin da za ta ce mini ko kanzil. Na durƙusa na kifa kaina a cinyarta, na ce, "Inna, ki yafe mini. Don Allah ki yafe mini." Maman Rifkatu ta fita ta ja mana labule. Na daɗe a haka. Can na ji hannun Inna yana lalube a tabarma, sai ta ɗauko kwarashin ta cusa mini a tafin hannu, ta matse yatsuna a kai.

Daga ranar aikin ya zama na mutum biyu. Ƙullin ulu yana hannunta na hagu, tana sakar mini zare daidai yadda nake buƙata. Ita ke zaɓar launi, in ɗaga biyu ta kalli wanda take so. In na yi kuskure ta ɗan buge ni a gwiwa. Na koma yi mata hira kamar da, in gaya mata wadda ta haihu da wanda ya tashi daga layi, in tsaya in ba ta lokacin amsawa yadda na ga Maman Rifkatu na yi. Wata yamma ana tsakiyar marka, hankalina ya tafi kan labarin da ake bayarwa, na dasa sanda biyu na wuce. Ta buge ni ban kula ba. Ta sake, na ɗauka ƙuda take kora. Sai na ji wata murya a gefena, a shaƙe, kamar ƙofar da ta daɗe ba a buɗe ba.

"U... ku."

Maman Rifkatu ta saki kwarashinta ta ɗora hannu biyu a ka, ta fara addu'a da yarensu. Ni kuwa na kasa komai sai cewa, "Na'am, Inna? Na'am?" Ta sake faɗa, wannan karon da ɗan fushi, tana nuna wurin da haɓa. Na koma na cike sandar. Da yayana ya dawo ya ji, ko takalmi bai cire ba ya tsuguna gabanta yana cewa, "Inna, wane ne ni? Faɗi sunana." Ta ƙare masa kallo ta ce, "Uku." Gidan ya ɗauki dariya, shi yana dariya yana share ido da hularsa. Har ya yi aure 'yan gidan Uku suke kiransa.

Kalmomi suka riƙa dawowa ɗaya-ɗaya, ruwa, to, a'a, bari. Ba su taɓa dawowa duka ba, hannun dama ma bai tashi ba, amma ta kai ga zama a kujera da cin abinci da kanta. Sabuwar doya ta fito muna da hankici hamsin ba biyu. Muka shimfiɗa su a tabarma, gaba da baya da hannuwa, Inna tana nuna inda kowanne zai zauna. Akwai wani mai ja a tsakiya da ta sa na ɗage shi sau huɗu kafin ta ce to. Na farko-farkon da na saƙa sun ɗaure tamau, na baya sun fi saki, sai Maman Rifkatu ta ce mu kai masu taurin baya inda ba mai gani. Muka haɗa su da babbar allura ta ciki, na zagaye wuya da bakin hannu da shuɗin nan mai duhu.

A cikin kwanakin haɗawar ne mijin Maman Rifkatu ya ajiye aiki, suka ce za su koma gida. Ta faɗa mana tana kallon allurarta. Inna ta juya fuska bango, ranar ba ta ƙara ko kalma ba.

Na sa ɗinkin ƙarshe ana gobe za su tafi. Da safe motar kaya ta tsaya a ƙofar gida, ana yayyafin ƙarshen damina. Na yi wa Inna wanka, na zura mata rigar, hannun da ya mutu tukuna sannan mai rai. Na fito da ita bakin ƙofa a kujera. Matan gida suka kewaye ta suna tattaɓawa, wata ta ce amarya, Inna ta yi murmushinta na gefe ɗaya. Ban taɓa jin alfahari irin na wannan safiya ba. Da aka gama ɗaure kaya, Maman Rifkatu ta zo ta durƙusa.

"Yaya, za mu tafi. A yafe juna. Allah ya kara sauki."

Inna ta kama bakin rigar da hagu ta fara kokawar cirewa. Na ɗauka ulun ne ke mata ƙaiƙayi, na taimaka mata ta fita. Sai ta dunƙule ta ta tura a ƙirjin Maman Rifkatu.

"A'a, Yaya. Naka ne. Yarinya ya sha wahala a kai."

Inna ta girgiza kai. Ta daɗe tana neman kalmar, muna ganin yadda take nemanta. Ta ce, "Garinku." Ta huta. "Sanyi." Ta ƙara turawa. "Sa."

Maman Rifkatu ta ɗago ta kalle ni. Ba zan ɓoye ba, wani abu ya soke ni a ƙirji. Wata huɗu ina saƙa rigar nan, ko awa biyu ba ta yi a jikin Inna ba. Amma na ga idon Inna, na gane wannan ne abu na farko da ta samu na bayarwa tun ranar da ta zauna a bakin rijiya. Na karɓa na buɗe ta, na zura wa Maman Rifkatu da hannuna. Ta matse ta a damtse, ta tsaya mata a cibiya. Haka ta hau gaban motar tana kuka, ja da kore da ruwan ƙwai, muna hangenta ta taga har suka sha kwana suka hau titin Bosso. Ta bar mini kwarashin a kan taga. Wasiƙa ɗaya muka samu ta hannun wani ma'aikacin jirgi, mun amsa, ban sani ba ko ta isa. Da wayar hannu ta shigo babu wanda za mu tambaya lambarta.

Na saƙa wa Inna wata rigar kafin sanyin ƙarshen shekara. Ta sa ta kwana ɗaya, washegari na gan ta a jikin tsohuwar da ke kawo mana itace. Na yi ta uku, ta tafi wurin wata mai jego a layin baya. Na ce, "Inna, wannan fa taki ce, kada in ga ta fita." Ta ce, "To." Kwana biyu babu ita. Na yi aure, matar yayana ta karɓi jinya, ni kuma na koma karatu da goyo a baya, har na zama malamar firamare kamar yadda na so, sai dai a makare. Duk wannan bai hana ba, kowace shekara sai na kai mata riga ɗaya ko biyu, ita kuma sai ta san wanda za ta ba. Na daina faɗa. Na koma tambayarta babba za a yi ko ƙarama.

Shekara tara ta yi bayan ciwon. Allah ya karɓi abinsa wata safiya cikin marka, ba tare da wata doguwar wahala ba. Kwanakin zaman makoki ruwa bai ɗauke ba. Ina zaune a ɗaki kaina a ƙasa, mata na shigowa suna kakkaɓe mayafi, sai na fara lura da abin da ke ƙarƙashin mayafan. Tsohuwa mai itace da tata, ta koɗe har launin ya haɗe. Yarinyar mai jegon nan ta girma, tana sanye da ta uwarta an naɗe hannu. Matar mai gadin masallaci, da wata Bayarabiya mai sayar da burodi, da wasu da ban taɓa gani ba. Ba shiri suka yi ba, sanyi ake, kowa ta ɗauko abin da take da shi.

Can wajen azahar wata dattijuwa ta shigo, ƙafarta duk taɓo, daga ganinta daga nesa take. Rigar da na saƙa a ƙarshe ce a jikinta. Ta yi gaisuwa da Hausarta mai nauyi, ta yi addu'a, sannan ta zauna tana dube-dube.

"Wane ne mai saƙa a cikinku?"

Aka nuna ni. Ta matso ta miƙo mini hannun rigar, bakinsa ya kama ƙaya ya warware kusan taƙi guda.

"Mamanku ya ce in ya lalace in kawo, 'yarsa zai gyara. Na zo kawowa ne, a hanya na ji."

Matar yayana ta fara cewa, "Baiwar Allah, yau ai ba ranar..." Na ce ta bari. Na tashi na buɗe jakata na ɗauko kwarashin, na ce wa dattijuwar ta tuɓe, aka ba ta zane ta yafa. Na zauna a tsakiyar masu gaisuwa, na kamo madaukin da ya kuɓuce, na fara mayar da shi.